Tukunyar lantarki a gidan haya, in saya ko in haƙura?

Maman Sadik, Kurna:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ban sake cika silindata ba, daga kilo biyu sai uku. Yanzu ma kurfoti na koma, ga hayaƙi yana tayar wa autana tari. Ƙanwata ta dame ni in sayi tukunyar lantarkin nan mai murfin kullewa, kuma na kwashi adashi jiya. Sai dai gidan haya nake, ɗaki biyar mita ɗaya, wutar kuma sai ta ga dama.

Habu mai wayarin, Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Maman Sadik, kar ki kwatanta ta da hitar girki. Hita mai wat 1000 in ta yi awa guda ta cinye yunit ɗaya cif, wake kuwa yakan kai awa biyu a kanta. Tukunyar ita da tururi ya taru sai ta riƙa katse wutar da kanta, don haka wake ko ganda kusan rabin yunit ne. Ko 'yan layin A, wato Band A masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, da aka mayar musu yunit naira 225 a Afrilun 2024, ba su kai ki kashe kuɗi ba in aka kwatanta da gawayi. Amma don Allah a duba soket. Na sha ganin wanda ya narke saboda siririyar waya.

Hajiya Yalwa, Ɗorayi:
'Yata, tawa shekara guda ke nan. Garau-garau, farfesu, alala, duk ba magana. Tuwo ne dai ba ta yi mini, cikinta santsi, muciya na taɓa shi zai kwarzane. Kuma mu nan sai ƙarfe biyun dare ake kawo wuta. Haka nake tashi ido rabi a rufe in ɗora wake in koma. Kurfotinki dai kar ki kyautar.

Abban Ummi, Hotoro:
A Kenya an gwada irinta a matsugunin 'yan gudun hijira na yankin Kakuma, amma da wutar sola ta unguwa, mai zuwa da rana lokacin girki. Mu nan wa ya san yaushe?

Maman Sadik, Kurna:
Na gode ƙwarai. Malam Habu, lissafinka ya shige ni, amma wa zai yi wa maƙociyata shi? Dutsen guga kawai na jona rannan, sai da ta kai ƙarata wajen mai gida.

Habu mai wayarin, Gwammaja:
Akwai ƙaramar mita da ake ɗaura wa ɗaki guda, kowa ya ga abin da ya sha. Ita za ki fara saya kafin tukunyar. Ki nemi izinin mai gidan tukuna.