Na'ura na ta kuka, abin da ke fitowa ƙusa ce

Sabon_Shiga: Salamu alaikum. Na'urar gano ƙarfe ce mai faifai (zagayen da ake yawo da shi a kan ƙasa) inci 11. A gonar da aka yi wa huɗa tana ta tsuwwa ko ba komai, in kuma ta ba da sauti mai kyau aka tona, sai ƙusa mai tsatsa. Ina gyaran yake?

Mai_Tono: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ka haɗa. Tsuwwar banza daga ƙasa take ko daga lantarki. Ɗaga faifan sama ka riƙe shi cik. In ba ta daina ba, wayar lantarki ce a kusa ko wayarka ta aljihu: canza tashar da na'urar ke aiki a kai (frequency), ko ka matsa. In sai ka kusanto ƙasa take yi, ma'adinin ƙasar ne, musamman jar ƙasa. Nemi wurin da babu ƙarfe, ka riƙa ɗaga faifan kamar santimita 20 kana sauke shi zuwa santimita 3, har sautin ya lafa. Wannan ne daidaita ta da ƙasa, kuma a sake shi duk inda launin ƙasa ya sauya. Sannan rage ƙarfin jinta. Masu farawa kan ƙure shi don neman zurfi, alhali hayaniyar ce ke binne siginar kwabo.

Baba_Azurfa: Batun ƙusa kuwa, ɗana, kada ka tona kan shara ɗaya, wato wucewar faifan sau ɗaya a kan wurin. Ka ji sauti, juya ka sake sharar wurin ta gicciye. Kwabon da ke kwance yakan ba da sauti ɗaya, gajere, mai tsabta, ta kowace fuska, lambar da allon na'urar ke nunawa don irin ƙarfen ba ta tsalle sosai. Ƙusa takan yi daɗi ta gefe guda, ta ɗaya gefen ta karye ko ta yi gurnani. Lanƙwasasshiyar ƙusa da zoben ƙarfe su ne 'yan yaudara, wani lokaci sai an tona.

Amma kada ka saita na'urar ta daina jin baƙin ƙarfe gaba ɗaya. Inda ƙusoshi suka yi yawa, nan aka taɓa zama, nan kuma kuɗi ke faɗuwa. Ƙusa kusa da kwabo tana rufe shi, na'urar ta yi shiru a kan duka biyun. A irin wurin sa ƙaramin faifai, inci 6, ka rage sauri: shara ɗaya daƙiƙa biyu zuwa uku, kowace ta hau rabin ta baya, faifan a shafe da ƙasa, ban da ɗaga shi a ƙarshen hannu.

Uwar_Tagulla: Ƙari kaɗan. Kwabo da wuya a ji shi bayan santimita 25 zuwa 30, komai aka rubuta a kwali. Bayan ruwan sama an fi samun zurfi. In ya fito, ban da lemon tsami, ruwan batir ko gogewa da yashi. Koren da ke jikin tagulla shi ke riƙe da rubutun. Tataccen ruwa, burushi mai laushi da tsinken sakace sun isa. Koren da ke zubewa kamar gari ne abin tsoro, a ware wannan kwabon a ajiye a busasshen wuri.

Izinin mai gona kafin komai, a kuma duba doka. A Ingila, dokar 1996 ta ba da kwana 14 a kai rahoton abin da ya shiga sahun taska, wasu ƙasashen kuma sun hana neman kayan tarihi sam. Abin da ya yi kama da harsashi ko bam, a bar shi a wurin a kira hukuma.