An ɗauke wuta ina tsakiyar miz-a-jur na Ubuntu, in formate ko akwai gyara?

Ɗan Adar

Salamu alaikum ƴan uwa, gaisuwa daga Tawa, ya zafi. Don Allah masu sanin Linux ku ba ni shawara kamin in yi aika-aika.

Ni malamin lakkwal ne, ba aikina ba ne informatik, sha'awa ce kawai ta taɓe-taɓe. Ordinata ta tsohuwa ce, na saye ta kasuwar Katako wata zuwa da na yi Yamai, Core i5 na zubi na 4, RAM jiga 4. Windows 10 ta zo da shi, to da na ji ana cewa tallafin shi na ƙarewa ran 14 ga Oktoba 2025, kuma na duba na ga Windows 11 na son TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro cikin na'ura, da processeur na zubi na 8 zuwa sama, sai na ce tun da wuri bari in koyi wani abu daban. Wani ɗalibi na jami'a ya sa min Ubuntu 22.04, wani irin Linux ne da ake aiki da shi maimakon Windows, wallahi na ji daɗin ta, sama da shekara ina aiki da ita ba virus ba komi, kile ɗin yara ma ina soka shi ban jin tsoro.

To kwanakin ga kullum na kunna sai ta hiddo min wani saƙo wai sabuwar Ubuntu 24.04 ta hito, in hau. Shekaranjiya da dare bayan isha na sayi forfe na musamman don wanga aiki, na danna, ta sauko da kaya sun kai awa biyu, ta hwara girka su, ina zaune ina shan shayi ina kallon layin na tahiya, kawai sai ɗif, an ɗauke wuta. Batirin kuwa ya daɗe da mutuwa, in ka zare sharja ko minti ɗaya ba ta yi. Na san da haka, laihina ne.

Da wuta ta dawo na kunna, tambarin ya hito, daga nan baƙin ekran da wani ɗan layi na kyafta ido can sama, shi kenan. Na bar ta har asuba haka take. Abin da ke tada min hankali, jarrabawar yara ta wanga zango duk tana ciki, da makin su, da hotunan sunan ɗiyata, kuma ban kwahe ko ɗaya ba. Mai gyara na kusa da tasha ya ce in kawo shi formate shi maida min Windows. In ba shi? Ko akwai yadda za a yi? Kuma in ta gyaru in tsaya Ubuntu ko in koma Linux Mint da nake jin ana yabo?

Na Yantala

Wa alaikumus salam Mushe. Abu na hwarko, kar ka ba kowa ya formate, kar ma ka bari a taɓa ta. Kayanka na nan lahiya lau. Abin da ya faru shi ne an katse ta tana tsakiyar canza kaya, kamar mutum ya tuɓe tsohuwar riga bai kai ga sa sabuwa ba, rabin fakitin, wato guntayen da sunka haɗu sunka zama tsarin, na 22.04 ne rabi na 24.04, shi ya sa ɓangaren da ke nuna biro ya ƙi tashi. Amma dosiyen ka na home, inda takardunka da hotunanka suke, ba ruwan miz-a-jur da shi.

Ka hwara da ceto kayan. Ka nemi kile mai jiga 8, ka je wajen wanda ke da ordinata mai aiki a sa maka Linux a kai da logiciel ɗin Rufus ko Ventoy, ka tada na'urarka daga kile ɗin, ka zaɓi gwadawa kawai, kar ka danna girkawa. Za ta buɗe maka biro cikakke daga kile ba tare da ta taɓa diski ba, sai ka shiga diskin ka kwashe jarrabawar da hotuna zuwa wani kile ko waya. Sai ka buɗe biyu uku ka tabbatar sun kwahu da gaske, don na taɓa ganin wanda ya kwashe dosiye ashe fanko ne.

Bayan nan sai gyara. Ka kunna ta yadda ka saba, in ta tsaya a baƙin ekran ɗin ka danna Ctrl da Alt da F3 tare, galibi za ta ba ka wajen rubuta suna da kalmar sirri. Kana buga kalmar sirrin ba za ka ga komi ba, ko tauraro, haka yake, ba lalacewa ba ce. Ka haɗa wayarka da kabul ka kunna raba intanet ta USB, sannan ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowane ka jira shi gama:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install
sudo apt update
sudo apt full-upgrade

Na hwarkon shi ne mai aikin, shi ke ƙarasa fakitin da anka buɗe ba a gama daidaita su ba. In F3 ɗin ya ƙi, ka sake kunnawa kana riƙe da Shift, ko kana danna Esc, har menu na GRUB, mai tada Ubuntu, shi hito, ka shiga recovery mode, akwai layi mai suna dpkg can ciki, kusan aiki ɗaya yake yi. Kuma ka lura da kilabiye, in naka AZERTY ne wani lokaci a kile ɗin tana ɗaukar shi QWERTY, ka buga a ta rubuta q, ka buga m ta ba ka wani abu daban, mutane da yawa nan suke zaton sun manta kalmar sirri.

Kuma don Allah wannan karon ka je inda ke da sola ko gurup.

Sani Sibar

Hhhh Mushe kai ma da neman wahala. Ni shekara nawa ina riƙe da sibar, duk wanda ya zo min da takarda daga wannan LibreOffice ɗin da masu Linux ke rubutu da shi maimakon Word sai na zauna ina gyara tebur, layi ya gudu, shafi biyu ya koma uku. Ka ceto kayanka yadda Na Yantala ya ce sannan ka koma abin da kowa ke aiki da shi, Word da Excel, in ta lalace kowane yaro a bakin kasuwa zai gyara maka. Abun kyauta ai ka san yadda yake.

Na Yantala

Sani maganar ka ta mai gyara gaskiya ce, a Tawa samun wanda ya san Linux sai an tona, wannan ba gardama. Amma maganar kyauta ba haka take ba. Da Faransanci ana cewa logiciel libre, libre na ƴanci, ba gratuit ba. Ma'ana rubutun da anka gina shi da shi a buɗe yake, kowa na da izinin karantawa, ya gyara, ya kwahe ya ba wani, lasisin GPL da kansa ya ba ka wannan dama. Richard Stallman ya hwara tahiyar GNU ta logiciel libre a 1983, Linus Torvalds ya hiddo Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yau ga shi wayar Android da kake rubuto mana da ita ma a kan Linux take zaune. Jandarmomin Faransa dubbai ke aiki da Ubuntu da sunka gyara ma kansu. Kuma tsakani da Allah Sani, Word ɗin da ake sa ma mutane a bakin kasuwa nawa ne cikin su anka biya lasisi? Shi ma kyautar ce, sai dai ta bayan gida.

Gudun layi kuwa yawanci harafi ne ya bambanta. In takarda an rubuta ta da Calibri kuma na'ura ba ta da shi sai ta sa wani mai faɗi daban. A girka Carlito, faɗin su ɗaya da Calibri, Liberation Serif kuma daidai yake da Times New Roman. In bugawa kawai za a yi a hiddo ta PDF, ba abin da zai motsa.

Maman Nana

Sannu Malam, Allah shi kiyaye gaba. Ni sakatariya ce nan Yamai, ban iya waɗannan rubuce-rubucen na baƙin ekran ba, ƙanena ke min su, amma zan yi magana kan tambayar ka ta biyu tunda tawa ma jiga 4 ce. Ubuntu 24.04 ta yi min nauyi, in na buɗe Firefox da takarda guda biyu sai ta riƙa numfashi sama-sama, ga zahin nan fanka na kuka. Ya sauya min zuwa Linux Mint 22, irin ta Xfce mai biro marar nauyi, daga Ubuntu 24.04 ɗin anka gina ta kuma ana kula da ita har 2029, amma ba ta da cin RAM, menu ɗin ma a ƙasa hannun hagu kamar yadda munka saba tun Windows 7. Saukar da ita bai kai jiga 3 ba, ta Ubuntu kuwa ta kusa 6, ga mai sayen forfe wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Akwai wani abu cikin ta Timeshift, shi ke ɗaukar hoton tsarin kamin ka yi wani babban canji, in abu ya ɓaci ka koma jiya. Sai dai ƙanena ya ja min kunne, ya ce shi tsarin kawai yake ajiyewa, takarduna ni zan kwashe su da hannuna, to duk Juma'a kamin in tashi ina zuba su a kile.

Abin da ya fi burge ni ma daban ne, ina buga takardun Hausa wani lokaci na wayar da kai, da can ɗ da ƙ da ɓ da ƴ sai na je na kwaho su ɗaya-ɗaya daga wata tsohuwar takarda, ashe cikin jerin kilabiye akwai na Hausa a shirye, ƙarƙashin Najeriya yake, ka ƙara shi kawai. Matsalar shi guda, a kan QWERTY anka tsara shi, yatsuna kuwa sun saba da AZERTY, sati biyu na yi ina rubuta shirme kamin in saba.

Kuma Malam mi ya kai ka gaggawa? Ƙanena ya ce 22.04 ɗin da kake kai irin ta shekara 5 ce, sai Afrilun 2027 za ta ƙare.

Ɗan Adar

Alhamdu lillahi jama'a ta tashi! Na je gidan wani abokina mai sola can Sabon Gari, ɗan shi ya sa min Mint a kile, na kwashe komi tukuna, hotunan sunan ma na aika ma uwar ɗiyar ta WhatsApp don su zama wuri biyu. F3 ya yi aiki. Layin na hwarko ya ɗauki kusan minti arba'in yana zubo rubutu, sau biyu ya tsaya yana tambaya ta in riƙe tsohon fishiye ko in ɗauki sabo, ni dai Enter na riƙa dannawa ina addu'a. Na biyun ya ƙara sauko da wasu kaya kaɗan, na sake kunnawa sai ga biro, 24.04, komi na wurin shi har hoton bango.

Yaya Na Yantala Allah shi saka da alheri, shi jiƙan mahaifa. Hajiya maganar ki gaskiya ce, tun jiya na lura ta ƙara nauyi, kuma wallahi ban san ina da sauran lokaci har 2027 ba, ni na ga saƙo na hitowa kullum na zaci dole ne. Na ɗan zagaya cikin Mint ɗin daga kile, ta kwanta min, amma ba zan taɓa komi ba sai yara sun gama jarrabawa an shiga hutu. Sani kai kuma PDF zan riƙa kawo maka, ka huta da gyaran tebur.

Tambaya guda ta rage, kuɗin hannuna ba su isa duka ba, tsakanin sabon batiri da ƙarin RAM zuwa jiga 8 da SSD, diskin nan mai sauri, wanne zan hwara saye?

Na Yantala

Batiri Mushe, batiri, kai da kanka ka ga dalili. Bayan shi SSD, a tsohuwar na'ura irin taka shi ake jin bambancin shi tun daga kunnawa. Ka turo min lambar da ke rubuce jikin tsohon batirin, in na shiga Katako ran Asabar in duba maka ko akwai irin shi.