Neman shawara: makirfo na kuka, muryata na dishewa a wajen biki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mawaƙin biki ne, ina yawo da mai kalangu da 'yan amshi biyu. Ɗakunan taro ne suka ishe ni: janareta na ruri a bakin ƙofa, mata na rangaɗa guɗa, masu liƙi sun yanyame ni, sifikun kuma duk sun tsufa. Da an ƙara sauti sai makirfo ya ɗau kuka, kowa ya toshe kunne. Ni kaina ba na jin abin da nake rerawa, sai in yi ta daddagewa, gari na wayewa murya ta dishe. Yaya zan yi?

Mai haɗa sauti, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, kukan nan ba tsufan sifika ba ne kaɗai. Abin da ya fito daga sifika ne ke komawa cikin makirfo, ya sake fita, ya yi ta zagaye. Sifiku su tsaya gabanka suna fuskantar jama'a, kai kana bayansu. Da ka bi mai liƙi ka gitta ta gabansu, shi ke nan. Kuma ban da dunƙule kan makirfo a tafin hannu irin na samarin yanzu. Ramukan bayan kan ne ke hana shi kwasar sautin baya, in ka toshe su ka gayyato kukan. Kawo shi dab da leɓe, a rage masa ƙarfi a mikisa, wato na'urar daidaita sauti. Kalangu kuwa a ƙaramin ɗaki ba ya buƙatar makirfo sam.

Zabiya, Kano:
Ƙanena, nemi ƙaramar sifika a ajiye a ƙasa tana kallonka, muryarka kawai a ciki. Ranar da ka fara jin kanka za ka daina ihu. Ku je ku gwada kaya kafin baƙi su iso, amma ka sani ɗakin da ba kowa amsa kuwwa yake yi, in ya cika sai an sake daidaitawa.

Mai kiɗan fiyano, Zariya:
Sayi makirfonka mai waya, batirin marar waya ya sha kunyata mutane ana tsakiyar waƙa. Makirfon nan Shure SM58 tun 1966 ake yin sa, kuma yana jure wahala, sai dai jabunsa ya cika kasuwa. Tafi da wanda ya san na gaske.

Mai hayar kayan sauti:
Ku ma mawaƙa kuna da naku. Kullum "a ƙara, a ƙara", har sifika ta fara karkarwa, sannan a ce kayanmu ne ba kyau. Janareta dai zan nisanta shi, in dai masu biki sun biya kuɗin doguwar waya.