Ruwa yana taruwa a cikin jirgi, ƙafar inji kuma tana gurnani idan an juya sitiyari

Ɗan Nima:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ne nake kula da wani ƙaramin jirgin ruwa na maigidana wanda muke ajiyewa a Ada Foah, kusa da inda kogin Volta yake shiga teku. Injinsa MerCruiser ne, ƙafar da ke bayansa kuma, wato sashen da ke rataye a wajen jirgi yana ɗauke da farfela, Alpha One ce. Kusan mako uku ke nan famfon da ke fitar da ruwa daga ƙasan jirgin yana tashi da kansa sau da yawa, ko da ba a yi ruwan sama ba, kuma ko da inji a kashe yake. Ranar Asabar da muka fita, da na juya sitiyari har ƙarshe sai na ji gurnani daga baya kamar ana niƙa tsakuwa, da na miƙe sitiyarin kuma sai ƙarar ta ragu. Shekara huɗu ke nan jirgin yana hannunmu, ba mu taɓa canza robobin nan masu ninki kamar zugazugi ba, waɗanda ake kira belos. Shin su ne suka lalace, kuma ana iya liƙe su da gam kafin a samu sababbi? Maigida yana so ya fita da baƙi a ƙarshen wata.

Masta na Tema:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, ku ɗora jirgin nan a kan tirela, kada ya sake kwana a ruwa. Abin da ya hana shi nutsewa zuwa yanzu famfo ne da batir, kuma duk daren da batir ya mutu babu abin da zai tare ruwan.

Belos uku ne a wannan ƙafar. Babban shi ne wanda sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela take ratsawa ta cikinsa, shi ke rufe mahaɗan kuros, waɗanda ke barin sandar ta lanƙwasa tana juyawa, da boris ɗin gimbal da ke tallafe da ita. Akwai na salansa a ƙarƙashinsa, sannan akwai ɗan ƙarami wanda kebur ɗin giya yake bi ta ciki. Idan na salansa ya tsage, ƙara ce za ta yi yawa, amma ruwa ba ya shiga jirgi ta nan. Sauran biyun kuwa kowannensu hanya ce kai tsaye zuwa cikin jirgi, kuma ɗan ƙaramin nan da mutane suke rainawa ya ishi jirgi ya nutse.

Gurnanin da ka ji shi ya fi damuna, domin yana nuna cewa ruwan gishiri ya riga ya isa boris ɗin gimbal, ya wanke giris, tsatsa ta kama. Idan ka juya sitiyari har ƙarshe ko ka ɗaga ƙafar, nauyi yana ƙaruwa a kan boris da kuros, shi ya sa a lokacin ne ƙarar take fitowa. Da zarar jirgin ya hau tirela, ka ɗaga ƙafar, ka juya ta dama har ƙarshe sannan hagu, ka haska tocila, ka buɗe kowane ninki da yatsa. Tsagar ba ta cika zama a saman ninki ba, a cikin kwarinsa take ɓuya, kuma sau da yawa a ƙasa inda ido ba ya kaiwa sai ka kwanta. Ka duba kilif ɗin da ke ɗaure bakin robar ma, domin na sha ganin roba lafiya lau amma kilif ya ci tsatsa ya saki.

Batun liƙewa da gam, ka cire shi daga ranka. Wannan roba tana miƙewa tana tsukewa duk lokacin da aka taɓa sitiyari, babu facin da zai zauna a kanta.

Bakanike daga Aboabo, Kumasi:

Masta ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni aikin mota nake yi a Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, jiragen da na taɓa kaɗan ne, amma ina da gargaɗi guda. Na san za a samu wanda zai ce maka ka shiga Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ka nemo robar shaf ta mota mai kama da ita. Kada ka yarda. An yi ta ne don ta riƙe giris ta kuma tare ƙura da ruwan hanya, ba don ta zauna a ƙarƙashin ruwan gishiri dare da rana ba, kuma bakinta ba zai hau wurin zaman ta asali daidai ba. Ka kwafi lambar da ke jikin ƙafar, a yi odar saitin da ya dace da ita, ko da zai ɗauki makonni kafin ya iso. Ina kuma ganin idan kuɗi ya yi wuya, a canza wanda ya tsage kawai, a bar sauran biyun zuwa wani lokaci.

Masta na Tema:

Malam, maganarka a kan robar mota gaskiya ce, amma a ta ƙarshen ban bi ka ba. Wahalar wannan aiki a kwancewa take, ba a kuɗin roba ba. Sai an sa giya a gaba, an cire sandunan da ke ɗaga ƙafar, an kwance noti shida, an zaro ƙafar da mutum biyu saboda nauyinta, sannan a cire filolin da ke riƙe da murfin da robobin suke liƙe a jikinsa. Robobin uku shekarunsu ɗaya, rana ɗaya ta dake su, gishiri ɗaya suka sha. Wanda ya bar biyu zai maimaita wannan aikin gaba ɗaya kafin shekara ta zagayo. Ni har tiyon ruwa da ke wurin nake canzawa a lokaci guda.

Ƙanena, idan an zaro ƙafar, ka sa hannu cikin babban belos ɗin. Idan ruwa ka taras, mun san labarin. Idan man giya ne, to robar da ke tare mai a bakin sandar ta saki, wannan kuma wani gyaran ne dabam. Ka zuƙo man giya kaɗan daga ƙasa, idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga cikin ƙafar kanta. Wajen ɗaurawa, a kankare tsohon gam sarai, a shafa gam ɗin da aka yi don belos, a kula da alamar da ke nuna sama a jikin robar, kuma kada a shafa mata giris ko man inji don ta shige, domin mai yana kumbura roba. Kafin a mayar da ƙafar, a gwada daidaiton inji da sandar gwaji, wadda ake zurawa ta cikin boris ɗin gimbal. Ya kamata ta shige ta fito da ƙarfin yatsu kawai, idan sai an buga ta, to inji ya karkace, kuma zai cinye mahaɗin da ke bayansa.

Ina da tambaya guda: idan kun ɗaure jirgin a bakin ruwa, a ɗage kuke barin ƙafar ko a sauke?

Ɗan Nima:

Na gode ƙwarai, Masta, na gode Malam. A ɗage muke barinta kullum, saboda idan ruwa ya janye wurin yana da yashi, muna tsoron farfela ta taɓa ƙasa. Jiya muka fitar da jirgin. Na kwanta a ƙarƙashinsa da tocila kamar yadda ka ce, na samu tsaga mai tsawon gaɓar yatsa a ninki na uku daga ƙasa, kuma cikin kwarin ninkin cike yake da ƙananan halittun ruwan nan masu ɓawo mai kaifi, har ɗaya ta yanke ni a yatsa. Na nuna wa maigida hoton, ya ɗage fitar.

Masta na Tema:

To, ga dalilin nan ka gani da idonka. Idan ƙafar tana ɗage, ƙasan robar a miƙe yake tsawon makonni, ninkin ya buɗe, halittun nan su samu wurin zama, ranar da ka sauke ƙafar kuma sai ninkin ya matse a kansu su yanka shi. Ku nemi wurin ɗauri mai zurfi inda za ku bar ta a sauke, ko ku riƙa fitar da jirgin bayan kowace tafiya kuna wanke shi da ruwan famfo, a tirelar ma ku sauke ƙafar idan ba tafiya ake yi ba. A ruwan Ada ni ba na barin belos ya wuce shekara biyu, kuma duk wata sai na buɗe ninkin na duba. Idan kayan sun iso ka yi magana a nan, zan zo da sandar gwaji da abin zare boris.