Neman shawara: kuɗin littafina ya zo a guntule, an ce haraji ne

Malama Hadiza, Mabera, Sakkwato:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masu sani su haska mini, don abin ya kai ni maƙura. Na rubuta littafin koyon karatun Hausa na 'yan firamare, wani kamfanin ɗab'i ya buga kwafi 3,000, an sa farashi ₦1,500. Mun yi da su za a ba ni kashi 10 cikin 100. Bayan shekara biyu da sintiri, sun ce an sayar da kwafi 2,000, suka turo mini ₦162,000. A lissafina ₦300,000 ya kamata in gani. Da na yi magana sai aka ce "haraji ne", ba rasit, ba bayani. Sannan ina da wani ƙaramin littafi na Turanci da na sa a wani shagon littattafai na Amurka ta intanet a kan dala 4.99, can ma abin da ke zuwa bai kai rabi ba. Malamar makaranta ce ni, ana cire mini haraji a albashi. To sau nawa za a ci mutum ɗaya? Me ya kamata in yi?

Baban Walid:
Wa'alaikumus salam Malama. Kuɗin da kika faɗa ya tona yadda suka yi lissafi. Ba a kan farashin bango suka ba ki kasonki ba, a kan abin da ya shiga hannunsu ne bayan sun yi wa dillalai rangwame. Idan rangwamen kashi 40 ne, littafin ₦1,500 ya koma ₦900. Kwafi 2,000 ya ba da ₦1,800,000. Kashi 10 na wannan ₦180,000 ne. Aka cire kashi 10 da sunan haraji, wato ₦18,000, saura ₦162,000 cif.

Saboda haka giɓin naki kashi biyu ne. ₦120,000 rangwame ya cinye, ₦18,000 kaɗai ne haraji. Wanda ya ce miki duka haraji ne, ko bai san aikinsa ba, ko yana so ki gaji ki bari.

Harajin ma an zarce. WHT ake ce masa, wanda mai biya yake cirewa tun kafin kuɗi ya iso hannun mai shi. A ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025, kason marubuci idan mutum ne shi kaɗai kashi 5 ake cirewa, kashi 10 na kamfani ne. Ke ba kamfani ba ce, ₦9,000 ya kamata a cire. Kina bin su ₦9,000 ko da lissafin rangwamen ya tabbata. Galibi ma'aikacin asusu ne yake jera duk wanda za a biya a layi ɗaya ya buga musu kashi 10, bai duba wane ne kamfani wane ne mutum ba.

Kuma kuɗin da aka cire ba nasu ba ne. Tunda a Sakkwato kike zaune, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato za a kai wa, da sunanki da lambar harajinki, ko da kamfanin a wata jiha yake. Dole su ba ki rasit mai ɗauke da sunanki, jimillar kuɗin, abin da aka cire, da kwanan wata. In babu wannan takarda, a idon hukuma ba ki biya komai ba.

Barista Umar:
Malama, kalma ɗaya ta tsaya mini a maganarki: "mun yi da su". A rubuce ko a baki? Duk rigimar ₦120,000 ɗin nan tana rataye a jimla ɗaya. In takardar ta ce kashi 10 na farashin da ke jikin littafi, kina bin su. In ta ce na kuɗin da kamfani ya karɓa, lissafinsu ya zauna, sai dai ki nemi su nuna shaidar rangwamen, domin ba kowane mai saye ake ba kashi 40 ba. Makarantar da ta saya kai tsaye ba a yi mata rangwamen babban dillali.

In kuwa babu rubutacciyar yarjejeniya, akwai abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce miƙa haƙƙin littafi ga wani, ko ba shi izinin bugawa shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan littafin yana hannunki, kuma haƙƙin yana bin magadanki har shekara 70 bayan rai ya yi halinsa. Kina da ikon ce musu kada su sake buga ko kwafi ɗaya sai an zauna.

Ki rubuta wasiƙa, ba saƙon murya ba. Kwafi biyu, a kai ofishinsu, a sa hannu da hatimi da kwanan wata a naki. Ki nemi adadin da aka buga tare da takardar maɗaba'a, adadin da aka sayar da farashin da aka sayar wa kowane rukuni, abin da ya rage a sito, kwafin da aka bayar kyauta ko ya lalace, da rasit ɗin haraji. Ki ba su kwana 21. Kada ki sa zagi ko kalmar "sata" a ciki, kuma kada ki kai sunansu Facebook tukuna, don kar mai bin bashi ya koma mai kare kansa a ƙarar ɓata suna. In wa'adi ya cika shiru, wasiƙa ta biyu ta fito daga lauya, a aika kwafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.

Malama Hadiza:
Barista, akwai takarda, shafi ɗaya ce. Abin da ta ce kawai "kashi 10 na ciniki". Babu maganar lokacin biya ma.

Barista Umar:
To "ciniki" ya fi karkata ga abin da suka karɓa, kada in ba ki zaƙin baki. Amma bai ba su damar ƙin nuna lissafi ba. Ki matsa a kan takardun, sannan kafin bugu na biyu a sake yarjejeniya: a faɗi a kan wane farashi ake lissafi, a riƙa ba da bayanin ciniki duk wata shida, a biya cikin kwana 30 bayan bayanin, ki sami ikon tura akanta ya duba littafin asusunsu sau ɗaya a shekara, kuma izinin ya zama na shekara uku ko biyar, in littafi ya ƙare a kasuwa ba su sake bugawa ba ya dawo gare ki. A rubuta cewa izinin na bugun takarda ne kaɗai, ban da na waya da na murya.

Alhaji Sani mai littattafai:
Ranki ya daɗe, ni inda nake so ki sa ido shi ne kwafi 1,000 da aka ce sun rage. Littafin makaranta kasuwarsa daga Agusta zuwa Oktoba ce, lokacin komawa sabon zango. Littafin da ya ga wannan kaka sau biyu, ana kuma nemansa, da wuya a ce sulusinsa na kwance. Abin da ya fi faruwa shi ne an raba wa shaguna bashi, sai an sayar a kawo kuɗi, kamfani kuma ba ya rubuta su a "an sayar" sai kuɗin ya shigo. Wani lokaci kuma farantin buga littafin na nan a maɗaba'a, a ƙara bugu ba a gaya wa mai littafi ba.

Gane wa ido ba shi da wuya. Ki sayi kwafi ɗaya a babbar kasuwa, ɗaya a wani shago daban, ki sa a sayo miki daga Gusau ko Birnin Kebbi, kowanne da rasit. Ki jera su da kwafin farko da aka ba ki. Ki duba kaurin takarda, hasken launin bango, wurin da aka ɗinke ko aka manne. Bugu daban ba ya ɓuya. In takardar ta yi shara-shara, hotuna sun yi duhu, to wataƙila ma masu satar fasaha ne, wannan kuma ku da kamfanin duka aka cuta. Ki kuma nemi a kai ki sito ki ƙirga katan da kanki. Mai gaskiya ba ya jin haushin ƙirga.

Abdul Arkilla:
Anti, na Amurka ɗin mai sauƙi ne. Ki sa adireshin wani ɗan uwa da ke Ingila a fom ɗin haraji, shi ke nan sun daina cirewa.

Anti Luba:
Abdul, don Allah kada ka jefa baiwar Allah a rami. Fom ɗin nan, W-8BEN, rantsuwa ake yi a ƙarshensa cewa bayanin gaskiya ne. In suna, banki da adireshi suka saɓa, ana iya rufe asusun da kuɗin a ciki.

Malama, ga yadda abin yake. Dokar Amurka ce ta ce a cire kashi 30 daga kason marubucin da ba ɗan ƙasar ba, sai in ƙasarsa na da yarjejeniyar haraji da su. Ingila na da ita, Nijeriya ba ta da ita. Don haka ko kin sa lambar harajinki ta nan, ko kin wahala kin samo ITIN, lambar haraji ta can, kashi 30 ɗin na nan daram. Masu karɓar kuɗi su ce za su "gyara" miki, kuɗinki kawai za su ci.

Ba ki faɗi shagon ba, amma ga misali da tsarin Amazon KDP, inda marubuci ke ɗora littafinsa da kansa don sayarwa. Littafin waya da ke tsakanin dala 2.99 da 9.99 yana iya samun kashi 70, bayan an cire kuɗin saukewa, kimanin santi 15 a kowace megabait. A dala 4.99, in littafin megabait ɗaya ne, kasonki dala 3.39 ne, bayan harajin Amurka ya koma 2.37. Amma kashi 70 ɗin na masu saye daga wasu ƙasashe ne da aka lissafa. In mai sayen yana Nijeriya kashi 35 ne, wato dala 1.75, bayan haraji 1.22. In yawancin masu sayenki 'yan gida ne, kin ga inda rabin ya tafi. Kuɗin kuma sai kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin yake fitowa.

Abin da za ki iya yi: ki rage nauyin hotuna don kuɗin saukewa ya sauka. Ki duba rahoton ciniki ki ga daga wane shago ake saye, domin cinikin shagon Ingila ko na Jamus ba ya shiga harajin Amurka. Masu karatu na gida kuwa ki sayar musu kai tsaye da naira. Kowace shekara wajen tsakiyar Maris za a saka miki takarda mai suna 1042-S a asusunki, mai nuna abin da aka cire. Ki sauke ta ki adana.

Baban Walid:
Saura tambayarki ta "sau nawa". WHT ba ƙarin haraji ba ne, kafin alƙalami ne. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ₦800,000 na farko a shekara babu haraji a kansa, ₦2,200,000 da ke biye kashi 15 ne. Amma ana haɗa albashi da kuɗin littafi wuri ɗaya kafin a auna, ba kowanne da nasa ₦800,000 ba. Kafin 31 ga Maris ki je ofishin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha da lambar NIN, takardun albashi na shekarar, rasit ɗin WHT da 1042-S. Za a lissafa abin da ke kanki, a debe wanda aka riga aka cire. Ki riƙe kwafin duk abin da kika miƙa, kuma kada ki ba kowa kuɗi a hannu, ta banki ake biya a ba ki rasit na hukuma.

Malama Hadiza:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Barista, wasiƙar da Hausa zan rubuta ko da Turanci? Kuma wa zan sa wa suna, manaja ko mai kamfanin?

Barista Umar:
Da harshen da aka rubuta yarjejeniyar. Ki sa wa shugaban kamfanin, da sunan kamfanin kamar yadda yake a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba sunan mutumin da kuka saba waya da shi ba. In nesa ne, ki aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar karɓa, ki haɗa wannan shaidar da kwafinki. Ki fara da ₦9,000 ɗin da rasit, su ne ba su da abin musu a kai.