An saka ni cikin masu tsara shirin lafiya na yankinmu, waɗanda suka taɓa yi ku ba ni labari

Sakatariyar Kwamiti:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanan nan aka naɗa ni sakatariyar kwamitin da ke tsakanin asibitin yankinmu da jama'a, kuma aikin farko da aka ɗora mana shi ne mu zauna da ma'aikatan lafiya a fitar da tsarin aiki na shekara uku. An ba ni takarda in karanta kafin zama. Ina buɗewa na ga an riga an cike komai, manufa da ayyuka har da kasafi, wurin sa hannu kawai aka bar mana. Haka ake yi a ko'ina? Waɗanda suka taɓa zama a irin wannan kujera, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku.

Jami'in Rigakafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba haka ya kamata ba, amma haka aka fi yi. Ki fara da lamba ɗaya tak a cikin takardar: adadin yaran da aka ce suna yankin. Ki tambaya daga ina aka samo shi. Galibi tsohuwar ƙidaya ake ɗauka a yi mata ƙari duk shekara, sannan a raba wa kowane asibiti nasa daga ofis. A kan wannan lambar ake lissafa yawan allurar da za a aiko, da sirinji, da man babur, da ranakun fita.

Inda na yi aiki, rahotonmu yana nuna mun zarce kashi ɗari a allurar ƙyanda, ana ta yaba mana, sai ga ƙyanda ta ɓarke a gefen gari. Cutar nan sai an yi wa kusan kashi 95 na yara allura sau biyu kafin a toshe mata hanya, to ta ina ta shigo? Ashe yaran da ke ƙasa sun fi na takarda nesa ba kusa ba. Muka tara matan unguwanni, muka shimfiɗa babbar takarda a ƙasa muka ce a zana mana gari. Wata dattijuwa ta karɓe alƙalamin daga hannuna, ta riƙa ɗiga ɗigo tana kiran sunan mai kowane gida, har ta fice daga iyakar taswirarmu ta ce a ƙaro mata takarda. Unguwa guda ta baƙi a ƙetaren rafi, ba ta cikin lissafinmu sam.

Su ne kuma suka gaya mana dalilin da iyaye suka daina zuwa. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, kuma da an haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa shida. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne, amma ma'aikaci yana tsoron a tuhume shi da ɓarna, sai ya ce wa uwa ta dawo wani mako. Wadda ta taka tafiya mai nisa da goyo aka kore ta, ba lallai ta sake dawowa ba. Matan suka zaɓi rana da lokacin da suke iya fitowa tare, muka tsayar da shi. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin isar da rigakafi ga kowace gunduma, kuma haɗa asibiti da al'umma yana cikin ginshiƙansa biyar, amma sau da yawa a bango yake tsayawa.

Ungozoma:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni a ɓangaren haihuwa, duk tsarin da aka kawo mana sai ki ga an rubuta "wayar da kan mata". Kamar dai matan ba su san asibiti ba. Ranar da muka zauna da su su kaɗai, ba maza ba manyan ofis, maganar da suka yi daban ce. Suka ce naƙuda da dare take kama su, babu abin hawa, in an samu an zo a tarar ƙofa a kulle ko ɗaki ba wuta. Wata ta ce da fitilar waya aka karɓi haihuwarta, mijinta yana riƙe da ita ta taga.

A makaranta an koya mana jinkiri uku da ke kashe mai ciki: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Tsarinmu duk ya tare a kan na farko domin shi ne mai arha, kuma shi ne wanda laifinsa yake kan mutanen gari. Da muka gayyato direbobi cikin zaman, su da kansu suka tsara wanda zai bar wayarsa a buɗe kowane dare, aka liƙa lambobin a ƙofar asibiti da cikin katin awon kowace mace. Mu kuma muka raba kwanan dare a tsakaninmu. 'Yar'uwa, ki nemi a yi zaman mata daban kafin babban taro, in ba haka ba za su zo su zauna a baya su tashi ba su ce uffan ba.

Tsohon Ma'aji:
Ku yi haƙuri, ni ban ga daɗin da kuke faɗa ba. Na riƙe kuɗin irin wannan kwamiti, kuma abin da na gani shi ne mutane suna cika ɗaki muddin akwai kuɗin zama. Ƙungiyar da ke ɗaukar nauyi na tattara kayanta, sai ni da shugaba kawai. Waɗanda ake zaɓa ma ai masu baki ne da makusantan manya, ba waɗanda ke bin layi a asibitin ba.

Mun yi asusun magani mai juyawa, irin wanda aka faro da Shirin Bamako a 1987: a sayar da magani da sauƙi, a mayar da kuɗin a sayo wani, kwamiti yana sa ido. Da farko abin ya tafi. Daga baya wannan ya karɓa bashi, wancan ya ce ɗan'uwan shugaba ne, marar hali kuma ba yadda za ka yi ka hana shi. Ba wanda ya rubuta tun farko wa za a yafe wa kuma wa zai cike gurbin. Kafin a ankara kantar magani ta zama wayam.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Ma'aji, abin da ka faɗa ya faru, kuma a wurare da yawa. Sai dai ka lura, a labarinka an ba mutane aiki ne bayan an gama yanke shawara. Ina matashi aka yi taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya a birnin Alma-Ata a 1978, sanarwar ta ce mutane suna da hakki kuma wajibi ne a kansu su shiga cikin tsarawa da aiwatar da kula da lafiyarsu. Tsarawa aka fara ambata. An sake jaddada hakan a Astana a 2018. Mu ma'aikata muka riƙe tsarawar, muka bar musu share harabar asibiti da shela.

Ku tuna Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000. Da farko ma'aikata suna zuwa cikin fararen kaya su ɗauke gawa ba tare da dangi sun san inda aka kai ta ba, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya suna binne matattu a asirce, alhali gawar tana yaɗa cutar sosai. A ƙarshen 2014 aka fitar da sabuwar ƙa'idar binnewa da hannun malaman addini a ciki, inda dangi za su tsaya su gani kuma a yi addu'a. Ilimin cutar bai canza ba, waɗanda ake zama da su ne suka canza.

'Yar Sa-kai:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma bari in ƙara abu ɗaya da ba a son faɗa. Duk tsarin da aka rubuta "al'umma za ta", mu ake nufi. Mu ne masu bin gida-gida muna neman yaran da suka tsallake allura, mu ne masu cike rajista, katin waya ma daga aljihunmu. In ka duba kasafi ba ka ganin sunanmu. Habasha tun 2003 take ɗaukar mata biyu a kowace ƙaramar gunduma, a horar da su shekara guda a sa su a albashi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma daidai da aikinsu. Anti Sakatariya, duk layin da kika ga an jingina wa 'yan sa-kai, ki sa yatsa a kai ki tambayi kuɗinsa.

Malamin Firamare:
Nawa gajere ne. Shekarar da amai da gudawa ta addabe mu, tsarin asibiti ya tanadi gishiri da sukari da ruwan ƙari, amma babu wanda ya gayyaci masu kula da ruwa ko masu kwashe shara. Ana sallamar yara suna komawa shan rijiyar da ta kwantar da su. Sai da muka kawo rajistar makaranta aka ga yawancin yaran da ke fashin makaranta daga layi ɗaya suke.

Sakatariyar Kwamiti:
Na gode ƙwarai. To in na je na ce ba za mu sa hannu ba sai an sake zama, ba za a ce na zo da rigima ba? Shugaban asibitin mutumin kirki ne, shi ma daga sama ake matsa masa da wa'adi.

Jami'in Rigakafi:
Kada ki ce masa ba za ku sa hannu ba, Hajiya. Ki same shi shi kaɗai kafin ranar zama, ki ce kwamiti yana roƙon mako biyu ya zagaya unguwanni ya kawo masa adadin yara da masu ciki na gaskiya. Shi zai fi kowa so, domin da wannan adadin ake auna aikinsa. In kun dawo, kada ku taɓa takardar gaba ɗaya, ku zaɓi matsala biyu ko uku da mutane suka fi nanatawa. A gaban kowace a rubuta sunan mutum ɗaya da zai ɗauki nauyi, ba "kwamiti" ba, da watan da za a gama, da inda kuɗin zai fito. Ki kuma nemi a rubuta cewa duk wata uku za a karanta wa jama'a abin da aka yi da abin da aka kashe, sannan a ba ki kwafi mai sa hannu ki ajiye a wurinki.