335i, GTI ko IS350, wacce ta fi tashi kuma ta fi karɓar tiyunin?

Ɗan_Rijiyar_Zaki:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen masu sani. Shekara shida ina jan Corolla, ba ta taɓa kunyata ni ba amma wlh na gaji, ka taka totur har ƙasa ita kuma tana tunani kamar za ta yi istihara kafin ta tashi. Yanzu Allah ya hore na ɗan tara wani abu kuma kuɗin zai iya ɗauko ɗaya cikin ukun nan, duk Beljiyam: BMW 335i ta 2009, Golf GTI ta 2012, ko Lexus IS350 ta 2010. Ni ba gudun ƙarshe ne ya dame ni ba, ina zan kai 250 a titin Kano, abin da nake so tashin farko, in danja ta ba da hannu in taka in ji bayana ya manne da kujera, sannan nan gaba in na samu sarari a yi mata tiyunin, wato a taɓa mata ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfi. Wacce za ku ba ni shawara? A Kano nake, ita ce kuma za ta zama motar zuwa aiki, ba wata ta biyu.

Mai_Silinda_Shida:

Wa alaikumus salam. Malam in dai tiyunin ne a ranka to ai maganar ta ƙare tun kafin a fara, 335i ɗin nan ta 2009 injin N54 ne a cikinta, lita 3, silinda shida a jere, turbo biyu. Daga kamfani doki 300 take zuwa da shi, sifili zuwa 100 a ƙasa da sakan shida, kuma duk wanda ya san injin nan zai gaya maka kamfanin daure shi suka yi, matsin iskar da turbo ke turawa cikin injin bai kai psi 9 ba alhali kayan cikin injin, karanshaf da kwanrod, masu ƙwari ne sosai, za su ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa da manhajar MHD kawai a wayarka da 'yar na'urar da ake soka wa a ramin sikana, ko akwatin JB4, mutane ke ƙara doki hamsin, sittin har sama ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. In ka ƙara intakula babba, wato abin sanyaya iskar turbo, ka canza bututun da ke bayan turbo, maganar doki 400 ake yi.

Ka lura da shekara dai. Daga 2011 sun koma N55 mai turbo ɗaya, shi ma yana da kyau kuma ya fi kwanciyar hankali amma bai kai N54 sakin jiki ba in an zo ƙari.

GTI ba laifi amma jan gaba ce. Doki 200 ne ta Amurka, ta Turai 210, in an yi mata matakin farko na tiyunin ta kai wajen 250, to matsalar duk ƙarfin a tayoyin gaba yake sauka, ka taka daga tsaye sai taya ta yi ta ƙara tana juyawa a banza, sitiyari na fizgar hannunka, mai jan baya ya riga ya wuce. Tashin farko na mai jan baya ne, don in mota ta zabura nauyinta baya yake komawa ya danne tayoyin da ke turawa. Lexus kuwa ban ma sa ta a lissafi ba, babu turbo, me za ka taɓa?

Bakanike_Panteka:

Ƙanina ka ji wancan bayanin, duk gaskiya ya faɗa, amma rabin labarin ya ba ka. Ni motocin nan a ƙarƙashinsu nake wuni a Kaduna, bari in ba ka ɗaya rabin.

Abu na farko da ba wanda yake so a faɗa shi ne mai. Duk alƙaluman da kuke gani a YouTube da man Amurka aka yi su. In ka buɗe manhajar za ka ga an rubuta 91 da 93, sai yaro ya ce ai man mu ma 91 ne ya danna. Ba ma'auni ɗaya ba ne! Na Amurka lissafinsa daban, 91 ɗinsu shi ne wajen 95 a ma'aunin RON da mu da Turai muke amfani da shi, 93 ɗinsu kuma wajen 98. Fetur ɗin da muke sha a gidan mai a nan wajen 91 ne a RON, wato daidai da mafi arha a can, wanda ko a takardar motar an ce kar ya zama abincinta na kullum. Wannan ma in ka samu mai tsabta kenan ba wanda aka yi wa haɗi ba. To me ke faruwa in ka ƙara iskar turbo a kan irin wannan man? Man yana kamawa da kansa kafin lokacinsa, ya bugi kan fistin yana kan hawowa, za ka ji wani ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wani lokacin ma ba za ka ji ba. Ƙwaƙwalwar motar tana da na'urar da ke jin bugun, sai ta ja wuta baya don ta ceci injin, ƙarfin da ka biya kuɗi ka ƙara ya tafi kenan. Ran da ta kasa cetowa kuma ringi ya karye ko fistin ya tsage, sai a kira mu.

Na biyu zafi. Watan Afrilu a Kano ana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Turbo in ya matsa iska zafi take yi, aikin intakula ta sanyaya ta, to ta kamfani ƙarama ce, ka taka sau biyu sau uku a jere ta cika da zafi, taku na huɗu sai ka ji motar ta yi sanyin jiki. Wasu 335i na farko-farko ma ba su zo da abin sanyaya baƙin mai ba, ka leƙa ta bayan tayar gaba ta hannun dama ka tabbatar akwai.

Sannan N54 ɗin kanta tana da jerin abubuwan da duk duniya an san su. Famfon mai na babban matsi, wanda har sai da kamfanin ya yi kiranyen motoci wajen 130,000 a Amurka a 2010 saboda shi. Nozul guda shida masu tsadar tsiya. Famfon ruwa na lantarki ne, ba ya gargaɗi, lafiya lau yau gobe ya ɗauke. Ƙofar turbo tana sakin jiki ta riƙa kaɗawa in ka tayar da safe. Gaskit ɗin murfin sama da na gidan filtar baƙin mai suna yoyo. Bututun iska na roba ne, da ka ƙara matsi yake fashewa. Kuma da yake man kai tsaye ake fesa shi cikin silinda, ba abin da ke wanke bawul ɗin shigar iska, baƙin gawayi yana taruwa sai an buɗe an kankare. Ko sandar duba baƙin mai babu, a allo ake gani. Ka tuna motar nan ta haura shekara goma sha biyar, duk abin da na lissafa ko an canza ko yana jiranka.

Ban ce kar ka saya ba fa. Cewa nake in kuɗinka iya na motar ne cif-cif, to ba ka da kuɗinta.

Kawu_Lexus:

Hhhh wai "me za ka taɓa". Yaro, ba sai an taɓa ba ai, haka ta zo da doki 306, lita 3.5, jan baya ita ma, kuma sifili zuwa 100 tsakaninta da 335i da ba a taɓa ba ƙiftawar ido ne. Na yarda tiyunin ba zai ba ka komai ba, ka sa salansa da filta ka ƙara ɗan abin da ba za ka ji a jikinka ba sai dai ƙara a kunnen maƙwabta, in kana son ƙari na gaske sai sufacaja, mai tura wa inji iska kamar turbo, kuma kuɗinsa ya isa ka sayi wata ƙaramar motar. Amma mutumin nan ya ce da ita zai riƙa zuwa aiki. Injinta nozul iri biyu gare shi, na cikin silinda da na bakin bawul, shi ya sa ba ta tara gawayin da ƙanwarta IS250 ke tarawa, kar ma a ruɗe ka a sayar maka da 250 don jikinsu ɗaya. Kayan ƙafa da filta da su birki in ka shiga Kofar Ruwa za ka samu, duk bakaniken da ya iya Toyota zai iya lallaɓa ta. Ita ma mai mai kyau take so, ban ɓoye maka ba, sai dai injin da ba turbo ya fi haƙuri da abin da muke zuba masa.

Wuri ɗaya na san turbo ya fi mu, in na hau Jos. Garin ya haura mita 1,200, iska ta yi siriri, inji irin nawa yana rasa wajen kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa, mai turbo kuwa yana cike giɓin da kansa. To kai a Kano kake, wannan bai shafe ka ba.

GTI_Gwarinpa:

Ku yi wa GTI adalci mana. Ta fi 335i rashin nauyi da wajen kilo 200, kuma in ka samu mai giyar DSG canjin giyarta kamar ƙyafta ido, a cikin gari daga 40 zuwa 100 ba ƙaramar mota ce za ta bi ta ba. Ga shan mai da sauƙi, tun da aka cire tallafi a 2023 ai dole mutum ya yi wannan lissafin. Abu biyu za ka kiyaye: man giyabos ɗin DSG duk kilomita 60,000 ake canzawa kuma nasa na musamman ne, sai abin da ke ɗaure sarƙar taimin, na shekarun farko yana da rauni, in ya saki sarƙa ta yi tsalle bawul ya haɗu da fistin. Ka sa a duba an sa sabon samfurin ko ba a sa ba.

Maganar mai da Oga na Panteka ya yi kuwa ni shaida ne, kuma laifina ne ba na motar ba. Wani yaro mai laftof ya zuba min fayil da ya sauko da shi daga intanet, ko tambayar wane mai nake sha bai yi ba, ni ma zumuɗi bai bar ni na tambaya ba. Sati biyu ina jin daɗi, rannan mai ya yanke min a hanya na sayi galan biyu wajen 'yan bumburutu, na fito na taka a hawa da rana tsaka, sai fitilar cak injin ta hau ƙiftawa mota na rawa. Allah ya taimake ni a fulogi da kwayil abin ya tsaya. Tun ranar na sa aka mayar da ita taswira mafi sauƙi, wato fayil ɗin tiyunin mafi sassauci, kuma duk bayan kwana biyu ina duba bayanan da take ajiyewa in ga ko tana jan wuta baya.

Mai_Silinda_Shida:

Oga Panteka ban musa ba ko ɗaya, nima sai da na gyara duk waɗannan kafin na taɓa tawa. Amma in mutum zai iya ƙara haƙuri ya ƙara tari, 340i ta 2016 zuwa sama mai injin B58 ita ce maganin rigimar nan, turbo ɗaya, doki 320, giya takwas ta ZF, kuma ya fi N54 lafiya nesa, shi ne fa Toyota da kansu suka sa a sabuwar Supra ta 2019. Sai dai kuɗin ba ɗaya ba ne.

Bakanike_Panteka:

Wannan haka ne. In kuma ya nace sai 335i, ga tsarin da nake ba kowa: wata shida na farko kar a taɓa ƙwaƙwalwa sam. A canza fulogi da kwayil, famfon ruwa da tamostat tare, baƙin mai na gaske duk kilomita 5,000 zuwa 7,000 saboda ƙurarmu, ba dogon zangon da allo ke nunawa ba. Sai taya masu kyau da birki, don dokin da ba ya tsayawa ba naka ba ne. Sai intakula da bututun ƙarfe. Bayan nan ne za a zuba taswira mafi ƙasa, a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi za ka riƙa sha. Kuma kafin ka biya ka bincika lambar shasi, da yawa daga gwanjon motocin hatsari da na ambaliya ake kwaso su a Amurka, BMW da ruwa ya shiga wayoyinta ko kyauta aka ba ka ka gudu. Ka je da sikana, ka ce kar su tayar da ita kafin ka iso, kana so ka ji muryarta da sanyi. Dan Allah kuma banda wasan mota a wajen biki, mun ga abin da yake jawowa.

Ɗan_Rijiyar_Zaki:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wlh maganar 91 ɗin nan ban taɓa sani ba, da na danna ta da hannuna. Jiya na je na ga 335i ɗin, da aka tayar da ita da sanyi akwai wata 'yar kaɗawa ta ɓangaren turbo na ɗan lokaci sai ta ɗauke, dillalin ya ce wai haka suke duka. Na taka ta kuma gaskiya zuciyata ta tafi, amma da na yi lissafi in na biya ba abin da zai rage min ko na famfon ruwa. Gobe in sha Allahu zan je in gwada IS350 ɗin in ji ko za ta manna ni da kujera kamar yadda Kawu ya ce. Oga Panteka na ɗauki muryar turbon a waya, in turo maka ta ina ka saurara?